Jaririn Komin Bana

A duk faɗin ikkilisiyar babu wanda ya fahimci ma'anar haihuwar Mai Ceto kamar Malam, kuma babu yaron da ya taɓa bi ta hannunsa ya fita bai fahimta ba. Shekara goma sha huɗu ke nan yana riƙe da makarantar Lahadi. Ranakun aiki yana ofishin takardun filaye yana buga hatimi. Ranar Lahadi kuwa yakan tara yara talatin da ɗoriya a ɗakin bayan coci, tsakanin karyayyun bencina da wata tsohuwar ganga, ya buɗe musu asiran sama. Yana da digiri, kuma ba ya barin a manta.

Shi ba ya koyarwa da hadda. Ya ce yaro da ido yake ganewa. Shi ya sa tun shekararsa ta farko ya hana a sa 'yar tsana a wasan Kirsimeti. Mai Ceto bai zo da jikin roba ba, saboda haka jariri na gaske za a kwantar a komin dabbobin, mai numfashi, mai fitsari. Don kada iyaye su yi rigima, sai ya kafa doka: jaririn da aka haifa a ƙarshe kafin Kirsimeti, a cikin dukan gidajen ikkilisiya, shi ne na komi, ko ɗan wane ne. Wannan "ko ɗan wane ne" da ɗaga yatsa Malam yake faɗinsa. Shekara goma sha uku dokar ba ta ba shi ciwon kai ba, domin Allah ya yi ta kawo jariran ƙarshe a gidajen da suka dace.

Bana sai ya kawo shi ɗakin mai shara.

Mai shara mace ce siririya marar surutu, tana zaune a wani ɗaki da ke jingine da katangar coci, kusa da famfo. Mijinta magini ne, yana aiki a wani gari, sai ƙarshen wata ake ganinsa. Shekara tara da aurensu ba haihuwa, kuma a cikin shekarun nan ita ce take share ciyawar komi bayan kowane wasa, ta wanke tabarmar da 'ya'yan wasu suka jiƙa. Sati bakwai kafin Kirsimeti ta haifi namiji. Sati uku bayan haka ta ɗaure shi a baya ta koma kan tsintsiyarta, har yaran makarantar Lahadi suka laƙaba masa Ɗan Tsintsiya.

Da shi aka yi ta gwajin wasa, tunda kullum yana kusa. Yaro ne mai sanyi. A kwantar da shi cikin komin katako, makiyaya su taka juna, mala'iku su yi faɗa a kan fiffike, shi dai yana kallon rufin kwano kamar wanda ya zo duba aikin. Autar Malam, mai shekara tara, ita ce uwar Mai Ceto a wasan, ta kuma koyi tallafe masa wuya har ta fi wasu iyayen. A gida tana cewa Baba, a aji kuwa dole ta ce Malam, domin Malam ba ya son a ce yana nuna bambanci.

Saura kwana goma Kirsimeti, bayan sujada, uwargidan shugaban dattawa ta yafito shi daga gindin motarta.

"Malam, ɗana, sai nemanka nake yi."

"Ga ni, Mama. Ina kwana? Yaya ƙafar?"

"Ƙafa tana nan tana cin amanata. Ka ga jikana kuwa? Jibi zai cika wata uku. Uwarsa ta kawo shi musamman don Kirsimeti. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, wasan a hannun Malam yake."

Malam ya gyara gilashinsa. "Mama, ai kin san akwai 'yar dokar nan."

"Wa ya kafa ta?"

"Ni."

"To."

Ta buɗe jaka tana neman wani abu da ba ta samu ba, ta rufe. "Babanku kullum yana maganarka a gida. Jiya ma yake cewa in an zo zaɓen dattawa a sabuwar shekara, abin kunya ne a ce mutum mai ilimi irinka har yanzu yana ɗakin baya da yara."

A gaban coci, dama da bagade, akwai kujerun dattawa bakwai masu matashi. Shekara goma sha ɗaya Malam yana kallonsu daga bencin katako. Bai taɓa roƙon Allah ya ba shi ɗaya ba, ya dai sha tuna masa cewa suna nan.

"Zan duba, Mama," ya ce.

"Na san za ka duba. Allah ya yi maka albarka."

Ya duba har kwana biyu. A rana ta uku ya gano cewa jariri ɗan sati bakwai bai kamata a kwantar da shi a ƙarƙashin fanka ba. Da ya gano haka sai ya ji sauƙi, domin yanzu maganar ta zama ta lafiyar yaro.

Ya sami mai shara a bakin ƙofarta da yamma, tana zaune a kan bokiti da ta kifa, tana ɗinka bakin wani farin ƙyalle da allura. Ya gane ƙyallen. Tsohon mayafin teburin bagade ne da aka jefar bara saboda ƙunar kyandir. Ta yanke wurin ƙunar, ta wanke shi har ya yi fes.

"Sannu da aiki, Maman yaro."

"Malam! Sannu da zuwa. Bari in kawo maka kujera."

"A'a, a tsaye nake. Me ake ɗinkawa?"

"Zanen komi ne. Na ce kada ya shiga da tsummansa ya ba ku kunya." Ta yi 'yar dariya. "Babansa ma ya roƙi hutun kwana biyu zai zo."

Malam ya yi bayani. Ya yi maganar fanka, da ƙurar ciyawa, da ƙirjin jarirai, ya kawo wata kalma ta likitoci. Ta saurara allura tana tsaye a hannunta.

"Na bara ai sati uku gare shi, Malam," ta ce a hankali. "Ni na wanke tabarmar."

"Shi ya sa. Daga nan muka ɗauki darasi."

"Wani abu ya same shi?"

"A'a. Amma da zai iya samunsa."

Ta dubi ƙyallen, ta dubi yaron da ke barci a kan tabarma. "To wa za a sa?"

"Jikan Shugaba. Ya ɗan fi ƙwari."

"To," ta ce. "Allah ya kai mu. Bari in gaya wa babansa kada ya ɓata hutunsa."

Ta ci gaba da ɗinkin. Saura gefe ɗaya ne, kuma ita ba ta barin aiki a rabi. Malam ya so ta yi faɗa. Da ta yi faɗa, da ya samu abin da zai riƙe ya tafi da shi gida.

Ranar Asabar aka yi gwaji na ƙarshe. Jikan Shugaba bai zo ba, uwarsa ta ce ba ya son hayaniya, don haka aka naɗe kwalbar ruwa a tawul aka sa a komi. Yara suka tambayi ina Ɗan Tsintsiya. Malam ya ce an yi canji, ya tafa hannu, ya ce kowa ya zauna a yi darasi.

Darasin shi ne wanda ya fi iyawa a duniya, kuma gaskiya ne daga farko har ƙarshe. Ya ce musu Allah ne mai sama da ƙasa, da ya so da a gidan sarki za a haifi Ɗansa, a kan gadon da ya fi na kowa laushi. Amma da a can aka haife shi, da mai gadi zai tsaya a ƙofa, kuma da talaka zai ce wannan Mai Ceto ba nawa ba ne. Sai ya zo inda babu ƙofa ma balle mai gadi, wurin da ake ɗaure dabbobi. Ya tambaye su wa aka fara gaya wa.

"Makiyaya!"

"Makiyaya suna wanka kullum?"

"A'a!" Suka fashe da dariya, makiyayan wasan suka fi kowa.

"Ana gayyatarsu biki?"

"A'a!"

"To su aka fara gayyata. Wannan ita ce Kirsimeti. Ba sabon takalmi ba. Allah ya sauko ya zama ƙarami, ya kwanta a inda aka raina, don kada wani ya ce an manta da shi."

Auta ta ɗaga hannu. "Malam, mai masaukin nan na cikin wasan, da ya ce wa iyayen Mai Ceto babu wuri, mugu ne?"

"Ba a ce mugu ba ne."

"To me ya sa ya kore su? Ya ga tana da ciki."

"Wataƙila yana da manyan baƙi," in ji Malam. "Wataƙila ya ga in ya ɓata musu rai, to... Mutum ne kawai. Wataƙila ya gaya wa kansa cewa wurin dabbobin ya fi mata iska."

"Daga baya ya ji kunya?"

Ta taga ana jin ƙarar tsintsiya a kan siminti, shar, shar, tana matsowa.

"Ba a rubuta ba," ya ce. "Makiyaya, ku tashi. Daga farko."

A gida matarsa tana guge rigunan mala'iku a kan tebur, ba ta ɗago ba ta ce, "Baban Auta, na ji an ce fanka ta fara kashe jarirai."

"Maman Auta, ba ki san yadda abin yake ba."

"Ban sani ba kam. Ni ba ni da digiri." Ta juya rigar. "Kujerar nan dai, ka tambaya ko matashin yana da laushi, kada a yi wahalar banza."

Bai ci abincin kirki ba ran nan. Ya buɗe littafin addu'a, ya rufe. Ya yanke shawarar cewa da zarar ya zama dattijo, abu na farko da zai yi shi ne ya sa a gyara rufin ɗakin mai shara. Wannan shawarar ta ɗan taimaka masa, kamar yadda fanka ta taimaka.

Safiyar Kirsimeti coci ya cika har tagogi. An ja labule a gaban bagade, bayansa kuwa yara talatin suna ta zufa cikin zannuwan gado da gemun auduga. Uwar jikan ta miƙo shi ta gefen labule, naɗe cikin wani shawul mai ruwan zinariya da ake iya hangowa daga bakin titi. Ta ce kada a bari ciyawa ta taɓa shi, ta koma layin gaba kusa da surukarta, ta ɗaga waya.

Jikan Shugaba ya dubi komi, ya dubi gemun auduga, ya buɗe baki.

Malam bai taɓa jin irin wannan kuka ba. Auta ta jijjiga shi, ya ƙara. Wani mala'ika ya yi masa rawa, ya ƙara. Fuskarsa ta yi jawur, ƙafafunsa suna harbin iska. A waje 'yan mawaƙa sun shiga baiti na biyu, kuma waƙar baiti huɗu gare ta. Bayan na huɗu za a buɗe labule, ikkilisiya ta ga Sarkin Salama yana tsala ihu kamar an taka masa wutsiya.

A bakin ƙofar baya mai shara tana tsaye, ta zo leƙe, ɗanta a baya yana barci, farin ƙyallen a ninke a kafaɗarta. Malam bai san dalilin da ya sa ta zo da shi ba, bai kuma so ya sani ba.

"Maman yaro," ya ce, "zo. Taimake ni. Sauke shi."

Ta gane nan take. Fuskarta ta yi wani haske da Malam ya kasa kallo. Ta kwance goyon da sauri, ta warware farin ƙyallen. "In naɗe shi a zanensa?"

Malam ya riga ya zare shawul mai ruwan zinariya daga jikin mai kukan. Daga layin gaba ba a ganin fuskar jariri, komin yana da zurfi. Shawul kawai ake gani.

"Babu lokaci," ya ce. "Sa shi a wannan."

Naɗewa a wannan da naɗewa a wancan lokaci ɗaya suke ci. Ita ta san haka, shi ya sani, Auta ma da take tsaye tsakaninsu ta sani. Mai shara ta naɗe ɗanta a shawul ɗin, ta miƙa wa Auta.

"Shi kuma wannan," in ji Malam, yana ɗora mata jikan a hannu, "fita da shi. Can bayan famfo, inda ba za a ji ba. In an gama zan aiko."

Ta ɗan tsaya tana kallon komin. Sai ta sunkuya, ta ɗora mai kukan a bayanta, ta ɗaure shi da farin ƙyallen, ta fita.

Labule ya buɗe.

An daɗe ba a yi wasa mai kyau irin na ran nan ba. Mai masauki ya ce babu wuri da murya mai ƙarfi. Makiyaya suka faɗi ƙasa don tsoro ba tare da sun yi dariya ba. Jaririn bai ce uffan ba. Da masu kawo kyautai suka durƙusa a gaban komi, sai wani ɗan ƙaramin hannu ya fito daga cikin zinariyar, ya buɗe yatsu, ya tsaya a sama. Mata suka ɗauki guɗa. Wata tsohuwa ta fashe da kuka. Uwargidan Shugaba ta juya ga na bayanta ta ce, yadda kowa zai ji, "Hannun kakansa ne sak."

Da aka gama, Fasto ya kira Malam ya miƙa masa makirfo. "Malam, ka gaya mana, wane ne wannan yaro mai albarka da ya wa'azantar da mu yau ba tare da ya ce komai ba?"

Fasto tambayar ado yake yi, ya ɗauka kowa ya san amsar. Malam ya riƙe makirfo. A damansa ga kujeru bakwai, Shugaba yana kan ta tsakiya yana murmushi. A hagunsa yara talatin, da fukafukan kwali da gemun da ya fara saɓulewa, duk sun zuba masa ido. Ba kallon tuhuma suke yi masa ba. Jira kawai suke ya faɗi abin da ya koya musu, domin bai taɓa yi musu ƙarya ba. Jimla ɗaya ce, gajeriya, har ya ji ta a kan harshensa.

"Muna godiya," in ji Malam, "ga gidan Shugaba, da suka ba mu aron jikansu."

Aka yi tafi mai tsawo. Aka ja labule. Malam ya aiki matarsa bayan famfo ta kira mai shara. A bayan labule aka mayar da kowane yaro cikin kayansa, jikan ya yi barci don gajiya, uwarsa ta karɓe shi tana sumbata tana cewa ashe jarumi ne. A bakin ƙofa Shugaba ya riƙe hannun Malam da hannu biyu, ya ce sai sun yi magana a sabuwar shekara.

Yaran suka cire kayan wasa. Ko ɗaya bai tona asirin ba. Da ma Malam ya koya musu cewa ba a katse babba.

Auta ta zo ta tsaya kusa da shi, shuɗin mayafinta a hannu.

"Kin yi ƙoƙari," ya ce. "Mu je gida, Mamanki ta dafa kaza."

"Malam."

"An tashi daga aji, Auta. Baba za ki ce."

"Malam, na gane darasin." Ta ninke mayafin ta ajiye a kan benci. "Na mai masaukin." Ta wuce wajen uwarta.

Babu yaron da ya taɓa bi ta hannunsa ya fita bai fahimta ba.

Ya bari sai da coci ya watse, sannan ya koma ciki. Ya shirya kalmomi a hanya, masu kyau, har da maganar rufin ɗaki. Ta taga ya hango farin ƙyallen a shanye a kan igiya kusa da famfo, yana ɗiga. Jikan Shugaba ya yi aman madara a kai, da sauran abin da jarirai suke yi.

Tana gaban bagade, ɗanta a baya cikin tsohon zanen goyonsa, tana tara ciyawar komi wuri ɗaya.

"Maman yaro..."

"Malam, barka da Kirsimeti." Ta miƙe, ta dafa ƙugu. "An ce bai yi kuka ba?"

"Bai yi ba. Ko kaɗan."

"An ce har ya ɗaga hannu."

"Ya ɗaga."

"Wanne? Na dama ko na hagu? Babansa zai tambaya."

Malam ya yi ƙoƙarin tunawa. A lokacin kujeru yake kallo.

"Na dama," ya ce.

"Na dama." Ta maimaita a hankali, ta yi murmushi, ta kai hannu baya ta taɓa ƙafar yaron. Sai ta sunkuya ta ɗauki tsintsiyarta. Ta share gefen komi, ta share ƙarƙashin kujerun nan bakwai, ta zo inda yake tsaye da kalmominsa.

"Ɗan ɗaga ƙafarka, Malam," ta ce. "Akwai ciyawa a ƙarƙashi."

Ya ɗaga.